Ajin Kawu da Muka Rushe Don Zaman Makokinsa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Ya cika da hantsi a tsakiyar bazara, bayan ɗan zazzaɓin da bai hana shi faɗa da mutane ba. Ina wurin aikina na ungozoma a Malbaza aka bugo mini waya. Kafin in sami mota zuwa Konni, in hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu da ke bayan Bazaga, an riga an kai shi makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba. Abin da na fara gani shi ne rumfa.

Rumfa ce babba a ƙofar gidansa, zana mai kauri sama da gefe, dirkoki tsaye ƙyam, maza cike a ƙarƙashi bisa benci. Har na yaba wa mutanen garinmu a raina. Kowa ya san a irin wannan lokaci zana da kara sun yi wuya, abin da dabbobi ba su ci ba murhu ya ci. A ce cikin rabin wuni an haɗa inuwa haka, ai an yi zumunci.

Kowa da irin makokinsa. Mahaifiyata, ƙanwarsa, ba ta yi hawaye ba, tana zaune a bakin ɗaki tana ta gyaran gefen tabarmar da ba abin da ya same shi. Tsofaffin masallaci suna cewa an rasa mai gaskiya, wasunsu kuwa da ganin fuskarsu ka san sun huta da gaskiyar. Ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, yana ta kai da kawowa, hula a ƙeya, yana nuna wa baƙi wurin zama. Sai direktan kwalejin garinmu, watau ƙaramar sakandare, da wani babba daga buro, ofishin ilimi, wanda ya zo cikin farar mota, an ba su bencin gaba. Ina raɓawa in shiga gida na ji direkta yana magana da ƙarfi, don a ji.

"Malam ya tahi da ilimi. Ni da shi hannu da hannu munka yi aiki, don ɗiyan talakawa."

Na haɗiye tsakina, don gidan mutuwa ne.

A tsakar gida mata sun ɗora manyan tukwane. Iskar bazara na karkata wuta, saboda haka aka jingina wani faffaɗan katako da turmi ya tare ta. Na wuce shi, sannan na dawo. Baƙin allon aji ne. Gefensa ɗaya har ya fara toyewa, rubutun alli na nan a jikinsa, da hannun Kawu mai karkata. A gindin murhu matar Kawu Ƙarami tana cusa kwalayen magani a wuta ɗaya bayan ɗaya, kowane da hujin ƙaya a kusurwarsa.

Na ce, "Inna Ƙarama, ina kunka samo allon ga?"

Ta ce, "Ajin marigayi mana. Tun da hantsi anka kwance shi don baƙi, da zana da benci duka. Ai shi ba ya sake bukata tai."

Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ba ni ƙyama. Haka al'adarmu take: in an yi mutuwa, samari su bazama, duk inda suka ga zana ko dirka ko abin zama su kwaso, ba a tambaya, ba a hanawa, don baƙo ba ya zama a rana. Sun duba gari, ba zanar da ta kai ta Kawu kyau, kuma tasa ce, mutuwar ma tasa ce. Sai suka sa wuƙa suka yanke igiyoyi. Watau rumfar da na yaba a ƙofar gida ajinsa ne, direkta kuma bisa bencin yara yake zaune yana yabon ilimi.

A bayan rumbu na ga ɗiyar yayata tsaye, riƙe da rabin kwali da ta fizgo daga wuta. Tana ajin ƙarshe na kwaleji, jarrabawar birebe ta rage 'yan makonni, wadda in yaro bai ci ba ba ya wucewa lise, babbar sakandare. Ubanta ya riga ya gaya mata gaskiya: damina biyu ba ta yi kyau ba, ba shi da ƙarfin ta maimaita aji, in ta faɗi sai ta bi uwarta tallar awara a tashar Konni. Ita kuwa ungozoma take so ta zama. A kwalejinsu babu malamin Ingilishi, amma akwai Ingilishi a jarrabawa. Abin da ita da 'yan ajinsu suke da shi kaf, shi ne wannan rumfa da wannan tsoho. Tsohon dai, Allah ne Ya ɗauke shi. Rumfar kuwa mu ne.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na so a bar Kawu a bakin masu jawabi.

Malamin Ingilishi ne duk rayuwarsa, har ya yi ritaya ya dawo gida ya kama noma. Dogo ne, siriri, goro kullum a kunci ɗaya, murmushinsa kuma sai da dalili. Yana da wani keke da ya girmi wasu malaman yanzu, da rediyo da yake ɗaure murfinta da roba. Mutum ne mai tsaki. In ya yi tsaki a zaure, kaji ma sukan sake wuri.

Wanda ba ɗan nan ba ne zai ce, ku da kuke bakin iyaka da Nijeriya, me zai yi muku wuya a Ingilishi? Ga yadda abin yake. Yaro ya tashi da Hausa, wani da Fulatanci ko Buzanci a kai. Ranar da ya shiga lakwal, makarantar boko, a rufe masa wannan ƙofa, a ce daga yau Faransanci. Ya yi shekaru yana haddace abin da bai gama ganewa ba, a gida ba mai taimakonsa, littafi ɗaya kawuna da yawa a kansa, aji kuma ba ya farawa sai an gama girbi an sami karan yin rumfa. Da ƙyar ya kai kwaleji, sai a ce ga Ingilishi, kuma da Faransancin nan da bai zauna ba za a fassara masa. Kawu yakan ce, "An ɗora ma jaki kaya bisa kaya, ba akumari, in ya durƙusa a ce raggo na."

A gidansa na yi kwaleji, can Ilela ta Adar inda ya daɗe yana koyarwa. A shekarata ta farko wani malamin Ingilishi, ba Kawu ba, ya faɗi kalma, ya fassara ta da wata kalmar Faransanci da ban taɓa ji ba. Na juya na tambayi ta kusa da ni da Hausa. A lokacin akwai muƙamuƙin jaki da aka ɗaura wa igiya, duk wanda aka kama yana Hausa a aji a rataya masa, ya kwana da shi. Haka na bi ta kasuwa da ƙashi a wuya, yara na bina. Kawu yana zaure. Ya sa sandarsa ya zare igiyar ta bisa kaina, kamar mai ɗauke mataccen ɓera, ya ajiye a ƙofa. Da safe ya rataya shi a wuyansa, bisa farar rigarsa, ya tura keke har farfajiyar lakwal, ya tsaya gaban malamin da sauran malamai.

"Yarinya tat tambayi ma'ana, kab ba ta ƙashin jaki. To ni ma Hausa ni ka yi, ga ni na rataya. Ka shiga ka hwaɗa musu ma'anar, in ka san ta."

Daga ranar ban sake ganin ƙashin nan ba. Malamin kuma bai sake gaishe da Kawu ba har aka canza masa gari, abin da bai rage wa Kawu barci ba.

Shi koyarwarsa ta daban ce. Daga Hausa yake tsallakawa Ingilishi kai tsaye, ba ya ratsawa ta Faransanci. Ya ɗaga ƙwarya ya faɗi sunanta, ya ɗaga hauya, ya sa yaro ya tashi, ya zauna, ya miƙo, ya karɓa, har bakin yaro ya saki. Littafin gwamnati kuwa yakan buɗe shi ya yi tsaki, don cike yake da jirgin ƙasa da ƙanƙara da 'ya'yan itatuwan da ba wanda ya taɓa gani a Adar. Sai ya sa yara su riƙa tsinto masa kwalin magani, buhun taki, gwangwanin madara, robar maganin ƙwari, duk abin da ya tsallako iyaka da rubutun Ingilishi a jikinsa. Dalilinsa ba na wasa ba ne. Wani maƙwabcinmu ya taɓa zuba wa wakensa maganin ƙwari da ka, don ba mai karanta masa abin da ke jikin robar, gidansa duka suka kwanta. Ni kaina a wurin aiki ina ganin uwa ta ɗura wa jariri maganin da aka rubuta ƙarara ba na jarirai ba ne. Kawu yakan ce, "Ingilishi na cikin ɗakin kowa a garin ga, bisa kantar kaya, kusa da gishiri. Mu dai ba mu jin abin da shi ka hwaɗi." Waɗannan kwalaye yake kafewa da ƙaya a jikin zana, jere-jere. Su ne ɗakin karatunsa, su ne kuma aka dafa shinkafar makokinsa da su.

Ba kullum dabararsa take ci ba. Akwai ranar da ya ce yaransa ba su taɓa jin Ingilishi a bakin kowa ba sai nasa, kuma wannan ba karatu ba ne. Ya roƙi amalanke, ya loda su zuwa Konni ranar kasuwa, ya kai su shagon wani ɗan kudancin Nijeriya mai sayar da kayan babur. Tun a hanya yake ta maimaita musu gaisuwa da tambayar farashi. Ɗiyar yayata ce aka tura gaba. Ta haɗa hannu, ta yi gaisuwarta da Ingilishi. Mutumin ya dube ta da fara'a ya ce, da Hausar da ta fi tamu gishiri, "Lahiya lau ɗiyata, ƙaƙa mutanen gida? Mi kuke so?" Suka bi shago uku, duk haka. Kawu ya sayi igiyar birki da ba ya bukata, ya sa aka juya amalanke. Da suka shigo gari ya ce, "Hausa ta ci kasuwa, Allah Shi ƙara mata. Amma ba ita ka zuwa birebe ba."

Rigimarsa da direkta kuwa, wadda aka mayar hannu da hannu ranar makoki, ga yadda take. Da aka buɗe kwaleji a garinmu mun yi murna, yara sun huta da zaman gidajen mutane a birni. Aka turo malamin Ingilishi, saurayi, ya ga ba lantarki, ba gidan haya, albashi sai ya yi tafiya ya karɓo, bai kai girbin wake ba ya tafi. Ban ga laifinsa sosai ba. Shekara ta gaba aka ce malamin tarihi ya riƙe, shi kuma bawan Allah yana karanta darasin da safe ya kwafe musu a allo da rana. Daga baya shi ma aka ɗauke shi, aka bar awar Ingilishi ta zama awar shara da ɗebo wa malamai ruwa. Amma ƙarshen zango kowane yaro da makinsa na Ingilishi, mai kyau kuwa. Ba ɓoye ba ne, gari duka ya sani, iyaye har suna sa albarka. Sai a je birebe a zube.

Kawu ya sa hularsa ya je ya ce zai koyar kyauta. Direkta ya karɓa da hannu biyu. Ba a yi nisa ba ya biyo ta bayan aji ya ji Hausa na tashi, yara na amsawa da kuzari, ya kira Kawu buronsa.

"Malam, kai ma ka san doka. Ba a Hausa cikin aji. In masu bincike sunka zo sunka ji, ni za a tuhuma."

Kawu ya ce, "Doka ta hana Hausa, amma ba ta hana maki ba malami?"

Direkta ya ce in ba zai bi tsari ba, ya bari. Kawu ya kwashe kwalayensa a buhu ya fito. A makon nan ya kafa dirkoki a gefen gonarsa, bayan gida, inda dokar direkta ba ta kai ba. Ya sayi katako ya haɗa benci da hannunsa, karkatattu amma suna ɗaukar mutum. Ya shafa wa wani falle baƙin fenti. Yara suka riƙa zuwa bayan la'asar da kuma safiyar Asabar, har da na rugagen Fulani da na ƙauyukan wajen Alela, wasu da yunwarsu. Ba ya tambayar yaro ko ya ci abinci, don ya ce tambayar tana sa yaro ƙarya. Sai dai ya leƙa ta darni ya ce wa matarsa, "Hurar ga ta yi min yawa, a ba yara," alhali ko ɗanɗanawa bai yi ba. Direkta kuma ya daina amsa sallamarsa, sai ranar da ba ya iya yin sallamar.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta fi kowa shan wahalar rumfar nan, kuma ba ta sha a ɓoye ba. Kowace kaka sai sun yi. Mutane na ɗaure kara don awaki da gyaran darni, shi yana jan nasa zuwa bayan gida, ga kuɗin zana da yake cirewa daga abin cefane. Inna takan tsaya ta riƙe ƙugu.

"Awakina ba su jin Ingilishi, Malam. Kara su ka ci."

"Su ci haƙuri, awa yadda ki ka ci."

"Darnina ya zube, kowa yab bi hanya sai ya ga tukunyata."

"To ki dahwa abin kirki."

Haka suke, shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa cin wani. Sai a kakar da ta wuce, ban san abin da ya shiga ransa ba, ya yi mata sabon shinge na zana mai kyau ya zagaye sashenta, tun kafin ya taɓa rumfarsa. Inna ta yi mako tana nuna wa mata. Ta ce ko dai Malam ya fara tsufa, ko ya fara hankali.

In koma kan makoki. Babban da ya zo da farar mota ya yi jawabi kafin ya tafi. Ya ce irin su Malam ne ginshiƙin ƙasa, ya ce za a turo malamin Ingilishi ba da jimawa ba, ya ce za a sa wa aji ɗaya sunan marigayi. Aka yi kabbara. Na so in tambaye shi wane aji, na sharar ko na ɗibar ruwan, amma mace ba ta magana a rumfar maza.

Na zaci in an share makoki za a mayar da komai. Ban san mutanenmu ba ke nan. Abin da aka kwaso don mutuwa, in mai shi na da rai yakan zo ya karɓi abinsa. Wannan mai shi na ƙasa. Zana biyu suka koma garken awakin Kawu Ƙarami. Ɗaya aka rufe rumbun wani da ita. Dirkokin aka ce masallaci na bukata, wa zai yi jayayya da masallaci? Bencin kuma direkta ya turo yara suka kwashe, wai kayan karatu ne, a kwaleji ya dace su zauna. Na gan su da idona a gindin bishiyar bedi, watau darbejiya, malamai na shan shayi a kai. Na je wurin Kawu Ƙarami na yi magana, ya ce, "Ɗiyata, aji ba malami ai rumhwa ta kawai. Ki bari zuciya ta huce." Babban ɗan Kawu, da ya zo daga Yamai, ya ce shi ba ya son rigima da dangi a kan ciyawa, ya koma bakin aikinsa.

Yaran ba su daina zuwa ba. Wannan ne abin da ya hana ni sukuni. Bayan la'asar sai ka gan su a filin da rumfar take, inda ramukan dirka suke a buɗe, suna tsugune cikin zafin da ke narka takalmin roba, ɗiyar yayata na riƙe da allon da ya toye, wanda shi kaɗai aka bari, tana ƙoƙarin karanta musu rubutun Kawu na ƙarshe. Ba wanda ya yarda ya goge shi. Mutane na wucewa suna cewa Allah sarki.

Inna tana takaba, ba ta fita. Da na zo ƙarshen mako ta kira ni, ta ce in kira mata yaran. Suka shigo suka durƙusa. Ta nuna sabon shingenta da haɓa.

"Ku kwance shi."

Na ce, "Inna, takaba ki ka yi. In anka kwance, duk mai wucewa ganin ki za ya yi."

Ta ce, "Wa ka kallon tsohuwa? In sun kalle ni, su ga abin da sunka yi."

Yaran suka kwance zanar a hankali, ba su yanke igiya ko ɗaya ba, warware ta suka yi. Itacen shanyarta ya zama dirka. Rumfar ba ta kai ta da ba, rabi ce, kuma a ƙasa ake zama bisa buhunan taki, waɗanda su ma abin karantawa ne. Na roƙi masu shara a wurin aikinmu su daina ƙone kwalayen magani, na riƙa kawowa a buhu, muna kafewa da ƙaya. Ranar Asabar ni nake tsayawa gaban allo. Ingilishina ya yi tsatsa, na gaya musu haka tun ranar farko, abin da na sani na ba su, abin da ban sani ba mu lalaba tare. Sauran ranaku su ke yi wa junansu yadda ya koya musu, ɗaya ya ɗaga ƙwarya, saura su amsa. Ba karatun da ya dace da yaran da za su shiga jarrabawar ƙasa ba ne. Shi ne dai abin da ƙasar ta bar musu.

Sadakar arba'in ta faɗo ranar Asabar, jarrabawa na bakin ƙofa. Muna cikin darasi da hantsi, sai ga samari uku, ɗaya da wuƙa, Kawu Ƙarami na bayansu. Wallahi ko kunya babu a fuskarsu, aikin lada suka zo yi.

Ya ce, "Ɗiyata, ku ɗan tashi, za a ara zanar ga. Baƙi na tahe, in an watse a maido."

Na buɗe baki ke nan, muryar Inna ta riga ni. Da yake babu shinge, daga bakin ɗakinta tana ganin komai, kowa kuma na jin ta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wanda yat taɓa zanar ga, ban yahe mai ba. Tawa ta, mijina yay yi min."

Mai wuƙa ya mayar da ita aljihu. Kawu Ƙarami ya gyara hula.

"Haba yaya. Manyan mutane na zuwa, hadda direkta. Ina za mu aje su?"

"Inda kunka aje yaran."

Ya dubi yaran, ya dube ni, ya juya. Suka zagaya gari neman zana, amma damina ta kusa, kowa ya rufe rumbunsa, ba a samu ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a fili, rana na tsakiyar ka. Mai farar mota bai zo ba, ya aiko da gaisuwa. Direkta ya zauna yana fifita da hularsa, gumi na bin wuyansa. Ban taɓa ganin sadakar arba'in da jawabinta ya yi gajarta haka ba, kuma ban ji an rage wa Kawu komai ba.

Da liman ya fara addu'a na bar yaran su ci gaba, na koma cikin mata. Tsakanin addu'a da amin akwai ɗan shiru, a cikin shirun nan muryoyinsu suke shigowa daga bayan gida, ɗiyar yayata na faɗa, saura na amsawa, da irin karin muryar Kawu, har da inda yake jan kalma. Direkta ya sunkuya ya ce wa liman a aika su rage murya, suna dame addu'a. Liman, wanda shi ma ya sha tsakin Kawu a kan tsawon huɗuba, bai sauke hannu ba.

"Bar su, direkta. Waccan ita ta sadakar marigayi. Tamu shinkahwa ta."

A lokacin mahaifiyata ta saki gefen tabarma, ta rufe fuska da mayafi, ta yi kukan da ta riƙe tun ranar farko.

Ɗiyar yayata ta shiga birebe. Da ta fito daga takardar Ingilishi ta bugo mini waya ta ce, "Ban bar takardar hwara ba. Na gane abin da su ka tambaya." Sakamako bai fito ba har yanzu da nake rubutu, ban san ko lise za ta ko tashar Konni ba. Malamin da aka ce za a turo bai zo ba. Benci na nan gindin bedi. 'Yan ajin da ke biye sun fara zuwa rumfar, ni kuma Asabar kaɗai nake da ita.

Inna tana can tana takabarta a fili, sai kaka in Allah Ya kai mu za a sami abin yi mata shinge. Hanyar masallaci ta gabanta ta bi, kuma na lura duk namijin da ya zo wucewa sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa zafin bakinsa, Ya ba shi inuwar da ba mai kwance ta.